Akwatin Tambaya: Edita Ya Dawo Mini da Maƙalata Saboda Manazarta

Sanyin bana ya shigo Jos da ƙarfinsa, har yatsu ba sa son riƙe biro sai hantsi ya dubi ludayi. Duk da haka na zauna na karanta saƙonninku na wannan wata, sai na tarar kusan rabinsu kuka ɗaya suke yi: jerin manazartar da ke ƙarshen maƙala. Na ƙare ƙuruciyata a tsakanin kantocin ɗakin karatu, yanzu kuma da na yi ritaya aikin duba rubutun mutane nake yi a ɗan shagona da ke kusa da titin Bauchi, don haka wannan kuka ba baƙona ba ne.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina digiri na biyu a fannin koyarwa. Na tura maƙala wata mujalla, sau biyu ana dawo mini da ita. Ba su ce uffan a kan binciken ba, sai dai wai manazartata ba su bi APA bugu na 7 ba. Ni kuwa tsarin da na yi kundin digirina na farko da shi na bi, kuma APA aka ce mana sunansa. Wulaƙanci ne, ko da gaske akwai bambanci?
Wata ɗaliba daga Rikkos

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Na san yadda abin yake ci a rai, mutum ya yi wata da watanni yana yawon makarantu da takardun tambayoyi, a ƙarshe a tsare shi a kan aya da waƙafi. Amma editan bai zalunce ki ba, APA ɗin da kika sani ce ta tsufa. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ce mai wannan tsari, kuma asalinsa wata 'yar maƙala ce mai shafi 7 da aka buga a 1929. Bugu na 6 ya fito a 2009, shi ne malamanmu da yawa suka haddace, shi kuma suke ba ɗalibai har gobe. Bugu na 7 ya fito a Oktoban 2019, ya zo da sauye-sauye ƙanana amma masu saurin tona asiri.

Ɗauki littafin marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya a kan tarihin rubutun Hausa. A tsohon tsari sai kin ambaci garin da aka buga shi kafin maɗaba'a. A sabon tsari an sallami garin, abin da ya rage shi ne:

Yahaya, I. Y. (1988). Hausa a rubuce: Tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa. NNPC.

NNPC ɗin nan maɗaba'ar da ta buga littafin ce, ba kamfanin mai ba. Sunan littafin a rubutun tsutsa, wato mai karkatattun haruffa, yake zuwa, layi na biyu da na bayansa kuma su ɗan shige ciki da rabin inci. In edita ya buɗe jerinki ya ga Zariya da Ibadan da Landan sun yi sahu a gaban maɗaba'u, bai buƙatar karanta komai, ya riga ya san da tsohon bugu kika yi aiki. Haka batun marubuta masu yawa. Da, in su uku ne zuwa biyar sai kin jera su duka a ambaton farko cikin matani. Yanzu daga uku zuwa sama sunan na farko kawai za ki sa, ki bi shi da et al., wato "da wasu", tun daga karon farko. A jerin ƙarshe kuwa abin ya juye: da ana tsayawa a bakwai, yanzu har marubuta 20 sai kin rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Lambar DOI, wato lambar shaidar da ake ba maƙala don a same ta a intanet, wadda take farawa da 10 da ɗigo, ana rubuta ta a matsayin cikakken adireshin intanet mai farawa da https://doi.org/ kuma ba a sa mata aya a ƙarshe. In maƙalar mujalla ce kike ambata, sunan mujallar da lambar kundi su ne a rubutun tsutsa, lambar fitowa tana cikin baka biyu a miƙe, sannan shafuka. Maganar wani da kika ɗauko kalma da kalma sai da lambar shafi, in ta kai kalma 40 kuma ki ware ta a sakin layinta, ki cire mata alamar zance.

Kada ki ɗauka duk wannan tsirfa ce ta Turawa. In baƙuwa ta sauka a tashar titin Bauchi ta bugo miki waya, ba za ki ce mata "gidanmu yana Rikkos" ki kashe waya ba. Sai kin ce ta hau Keke, ta sauka wuri kaza, ta bi lungun da ke bayan mai shayi, ƙofa ta uku mai koren fenti. Manazarta kwatance ne irin wannan, don wani da bai san ki ba, a Sakkwato ko a Alƙahira, ya tashi ya je ya ɗora yatsansa a kan shafin da kika ɗora naki. Edita yana son kwatancen kowa ya zo a fasali ɗaya ne domin mai karatu ya san inda zai dubi shekara da inda zai dubi shafi ba tare da lalube ba.

Ga abin da nake yi wa duk maƙalar da aka kawo mini. Ina sa a buga mini ƙa'idojin marubuta na mujallar a takarda, tare da maƙala biyu daga fitowarta ta baya-bayan nan. In ƙa'idar mujalla ta saɓa wa littafin APA, mujallar nake bi, don in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Daga nan sai in kira jikana ya riƙe jerin manazarta da jan biro, ni kuma in bi matani daga farko ina kiran duk sunan da na ci karo da shi da shekararsa. In ya gani ya yi masa maki. Wanda na kira bai gani ba, mun kama ɓarawo ɗaya. Wanda ya rage a hannunsa ba maki, shi ma fita zai yi, domin a APA ba a jera abin da ba a ambata ba. Da wuya mu gama ba mu tarar da marubucin da yake 2014 a shafi na uku ya koma 2015 a ƙarshe ba. Samu ƙanwarki ku yi haka, awa ɗaya ya ishe ku.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina rubutu a kan Hausawan da haƙar kuza ta kawo Filato. Matsalata sunayenmu. Wanne ne zan ɗauka a matsayin sunan dangi? Sannan rabin hujjojina daga bakin dattawan Gangare da Dilimi na samo su, ga kuma fayilolin zamanin Turawa. Yaya zan yi da su?
Wani malamin tarihi daga Farin Gada

Amsa: Barka kadai ƙanena. Ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Waɗanda suka tsara waɗannan ƙa'idoji sun gina su ne a kan mutanen da suke gadon suna ɗaya kaka da kakanni. Mu kuwa mutum sunansa ne, sai na mahaifinsa, wani lokaci sai garinsu ko unguwarsu ko sarautar gidansu. Hanyar da aka saba, kuma ita ce mafi aminci, ita ce ka dubi yadda marubucin ya sa sunansa a bangon aikin, ka ɗauki na ƙarshe. Shi ya sa ake rubuta Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a matsayin Gusau, S. M., ko da yake kowa ya san Gusau gari ne. Kada ka yi wa mutum gyaran suna don ka san asalinsa. In a wani aikin ya sa garinsu, a wani bai sa ba, kowanne ka kawo shi yadda aka buga, domin mai neman aikin da sunan da ke bango zai neme shi. Haka malamar da ta yi rubutu da sunan mahaifinta kafin aure, daga baya ta koma na mijinta. Irin wannan ruɗani ne ya sa aka ƙirƙiro lambar ORCID a 2012, lamba ce mai gurbi 16 da take bin mai bincike duk yadda sunansa ya sauya, kuma kyauta ake yin rajistarta. Ka yi taka.

Alhaji, Malam, Shehu, Farfesa, Dokta, Hajiya, duk ana ajiye su a bakin ƙofa kamar takalmi. Na taɓa ganin jerin da mutum huɗu suka taru a ƙarƙashin harafin A, ashe duk Alhaji ne, kwamfuta ta ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Ɗalibin da na nuna wa ya ce shi kunya ce ta hana shi rubuta sunan malaminsa gatsau. Na ce masa ya kai girmamawar shafin godiya, can ne gidanta.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Har yanzu akwai masu buga Hausa da tsofaffin fon ɗin nan da aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. A kwamfutarka komai lafiya lau. Da zarar fayil ɗin ya isa kwamfutar edita wadda ba ta da wannan fon, sai ka ga Ɗangambo ya rasa harafinsa na farko, wata alamar baka ta tsaya a madadinsa, in kuma aka sa na'ura ta jera sunaye sai ta ɗauke shi ta kai shi can sama gaban harafin A. Ka yi amfani da haruffan Unicode, waɗanda ko a wayarka akwai su, sannan ka duba jerin da idonka: Ɗ bayan D take zuwa, Ƙ bayan K, yadda ƙamus ya yi.

Batun dattawa kuwa, a nan APA ba ta yi mana adalci sosai ba. A wurinta hirar da mai karatu ba zai iya komawa ya samu ba, ana ambatonta a cikin matani kawai, da sunan mutumin da ranar da aka yi ta, ba ta shiga jerin ƙarshe. Amma mujallun tarihi da yawa tsarin Shikago suke bi, mai tushen bayani a ƙasan shafi, kuma al'adar masana tarihinmu ita ce a kawo sunan dattijon, shekarunsa, sana'arsa, inda aka yi hirar da kwanan wata. Ni wannan na fi so, don tsohon da ya yi leburanci a ramin kuza da hannunsa ya fi littattafai da yawa sanin abin da yake faɗa, waƙa kuma a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai ka nemi izninsa kafin sunansa ya shiga takarda. Kai ɗan garin nan ne, ka san akwai maganganun da in an jingina su ga mutum da sunansa da unguwarsa za su iya jawo masa abin da bai nema ba. In ya ce a sakaya, ka sakaya, ka faɗa a tushen bayani cewa shi ya buƙaci haka.

Fayilolin Turawa ba su da wuya in ka kwafi lambar tun kana zaune a wurin. Waɗanda ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ana fara su da NAK, sai rukunin, irin su JosProf na lardin nan, sai lambar fayil, sai takensa da shekara. In ka yi aiki da rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, su ma lambar ajiyarsu ita ce adireshinsu. Wanda ya dawo gida da hoton shafi a waya ba tare da hoton bangon fayil ba, kuɗin mota zai sake biya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni likitan dabbobi ne. Mujallar da na tura wa aiki lambobi take so a maimakon sunaye. Masu bita sun ce in ƙara hujja biyu a gabatarwa, da na ƙara sai duk lambobin suka rikice. Akwai dabara?
Wani mai karatu daga Vom

Amsa: Likita, tare da naka ran. Wannan shi ne tsarin Bankuba, za ka gan shi a rubuce Vancouver a shafin mujallu. Sunan birnin Kanada ne inda wasu editocin mujallun likitanci suka zauna a 1978 suka amince da fasali ɗaya. Aikin da ka fara ambata shi ne 1, na biyu 2, in ka sake komawa kan na farko a shafi na goma yana nan a 1 ɗinsa. Jerin ƙarshe bin lamba yake yi, ba abacada ba, ana taƙaita sunayen mujallu, kuma da yawansu marubuta shida suke so kafin et al. Daɗinsa matani yana fita fes. Sharrinsa kuwa shi ne wanda ka gani: ka cusa ɗaya a gaba, duk na baya sai sun matsa, kamar sahun salla.

Da hannu ba za ka ci wannan yaƙi ba. Sauke manhajar Zotero, kyauta ce, wata jami'a a Amurka ta fito da ita a 2006, kuma tana shiga cikin Word. Akwai Mendeley, akwai EndNote wadda ake saya. Ka zuba ayyukan a ciki sau ɗaya, kana rubutu kana kiran su, ita ce za ta riƙa sake lambobin da kanta. In wannan mujalla ta ƙi aikin ka koma wata mai son sunaye da shekaru, dannawa ɗaya ce ta juye maka komai. Amma manhaja abin da ka ba ta shi take dafawa. In ka jawo bayani daga Google Scholar ba ka duba ba, za ta kawo maka sunan Bahaushe a birkice, ta mai da sunansa na yanka sunan dangi, ko ta rubuta taken maƙala duk da manyan baƙaƙe. Buɗe kowane ɗaya ka gwada shi da shafin farko na maƙalar. Kafin ka tura kuma, ka ajiye kwafi ɗaya naka, ka warware mahaɗin Zotero a ɗayan, don ya isa wurin edita a matsayin rubutu zalla.

Wani abokin aikinka ya taɓa tambayata littafin ƙa'idar tsarin Habad, wato Harvard. Babu shi. Suna ne kawai da ake kiran salon suna da shekara, ana danganta shi da wani masanin dabbobi na jami'ar Habad ta Amurka, Edward Mark, da ya yi amfani da shi a 1881 a rubutunsa kan wani dangin dodon-koɗi. Kowace jami'a da irin nata Habad ɗin, don haka in mujalla ta ce shi take so, misalanta za ka nema.

Tambaya: Baba, akwai wani tsohon littafi da kowa yake ambata a fanninmu, na neme shi ban samu ba. Abokina ya ce in kwafo shi daga manazartar wani, ba wanda zai gane. Ya kuma nuna mini yadda ChatGPT yake ba shi jerin manazarta cikin minti ɗaya. Laifi ne?
Wani ɗalibi daga Bukuru

Amsa: Ɗana, abokinka yana son ya kai ka ya baro. Malaman hadisi sun gama wannan magana tun fiye da shekara dubu. A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo cewa Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. In ka ce Wane ya faɗi kaza a 1934 alhali a wurin Wance ka ji, ka yanke mutum ɗaya daga silsila, ka yi da'awar ganin abin da ba ka gani ba. In Wance ta yi kuskuren shafi, ko ta fahimci maganar a karkace, kai ma ka gada, kuma da sunanka. Hanyar halal tana nan: a cikin matani ka rubuta "Wane, 1934, kamar yadda Wance, 2015, ta kawo", a jerin ƙarshe kuma Wance kaɗai za ka sa, don ita ka karanta. Kada dai su yi yawa, edita zai ga kamar ba ka taka ƙafarka zuwa ɗakin karatu ba.

Na'urar kuwa, bari in ba ka labarin abin da ya faru a shagon nan da damina. Wani bawan Allah ya kawo maƙala a duba masa, jerin manazartarsa tsaf kamar an goge da dutsen guga, ko waƙafi ɗaya ban samu na gyarawa ba. Wannan kyan ne ya sa na tsargu, don ɗan Adam ba ya rubuta talatin bai yi tuntuɓe ba. Na ɗauki DOI na farko na liƙa a intanet, aka ce babu shi. Na biyu ya buɗe, amma ya kai ni wata maƙala a kan wani abu dabam. Na uku sunan malamin gaskiya ne, mujallar ma akwai ta, sai dai bai taɓa rubuta wannan take ba. Mutumin yana zaune a benci yana shan shayi, na juyo masa da fuskar kwamfutar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye kofin ya ce, "Malam, har na tura wa mai duba aikina." Irin waɗannan manhajoji jera kalmomi suke yi yadda suka saba zuwa tare, shi ya sa suke iya ƙera abin da ya yi kama da manazarta alhali babu shi a duniya.

Gwajin ba shi da wuya. Liƙa lambar a bayan doi.org, ko ka nemi taken a shafin Crossref, inda ake rajistar lambobin DOI. Rashin DOI kaɗai ba ya nuna ƙarya, don mujallunmu na gida da yawa da tsofaffin fitowa ba su da shi. Irin waɗannan ka neme su a AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, ko ka je sashen mujallu na ɗakin karatu ka ɗauko kundin da hannunka. Wanda ka nema ta ko'ina ba ka gan shi ba, cire shi.

Tambaya: Ana sa Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki a jerin manazarta?
Wata malama daga Tudun Wada

Amsa: Malama, a APA bugu na 6 ba a sa su, ambato a matani ya wadatar. A bugu na 7 ana sa su kamar sauran littattafai, tare da sunan mai fassara da shekarar bugun da ke hannunki, tunda fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi dabam take da ta wani, haka fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa sun sha bamban tun daga na 1932. A cikin matani kuma sura da aya za ki bayar, ba lambar shafi ba.

Mai tambaya a kan ibid. da op. cit., da wanda ya aiko daga Abuja yana neman yadda ake ambaton hukuncin kotu, ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Na Abujan, ka sake turo mini sunan mujallar, hoton da ka aiko ya yanke daidai wurin.